Yadda Ake Wasa Wuƙar Injin Yankan Ciyawa

Idan bakin ciyawa ya yi kaca-kaca bayan yanka, kwana biyu kuma ya koma ruwan ƙasa, wuƙar ta dakushe. Ana wasa ta bayan aikin awa 20 zuwa 25.

Kafin komai, cire wayar filogi, domin juya wuƙar da hannu na iya tayar da injin. Karkata shi ta yadda kafireta da matatar iska za su kalli sama, in ba haka ba baƙin mai zai malala cikinsu. Tokare wuƙar da katako, sa safar hannu, kwance notin da ke riƙe da ita da sifana. Yi wa gefen da ke kallon ƙasa alama, don da yawa suna mayar da ita a kife, sai ta ƙi yanka.

Kankare busasshiyar ciyawa da tsatsa. Goga magagari a gefen da ke da gangara kawai, kana bin kusurwarta ta asali, kimanin digiri 30. Kada ta kai kaifin reza, irin wannan baki saurin lanƙwashewa yake yi.

Sai ka rataye ta a ƙusa ta ramin tsakiya. Gefen da ya rinjaya, ƙara goge shi, domin rashin daidaito ke kawo jijjigar da ke cinye boris, wato ƙarafan da sandar injin ke juyawa a kansu. Wadda ta tsage ko ta lanƙwashe, sauya ta kawai.