Waƙa da tafi ga yaro mai galahanga a aji

Malamai 'yan'uwana na nan Sakkwato, ga wata dabara da nake amfani da ita a aji biyu na firamare. Ina da yaro mai galahanga (wato autism), da an kaɗa ƙararrawa sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin benci. Ƙara mai ƙarfi na zo masa kamar duka ne, don haka kada ku fara da kalangu ko lasifika.

Na ƙago 'yar gajerar waƙa ta tashi tara, murya ƙasa-ƙasa, kullum ita ɗaya ba canji. Irin waɗannan yaran suna samun natsuwa idan sun san abin da zai biyo baya. Yanzu da ya ji ta shi ke fara tashi.

A wajen gaɗa kuwa, ban tilasta masa shiga da'ira ko riƙe hannun kowa ba. Na ba shi gwangwani da tsakuwa ciki, ya tsaya gefe a inuwar dogonyaro yana kaɗawa, yara na tafi bisa kiɗansa. Rannan har dariya ya yi, wallahi sai da na share hawaye.

Idan kuna da irin wannan yaro, ku tambayi mahaifiyarsa waƙar da yake so a gida, ku fara da ita.