Yadda za ka kai iyalinka wurin ninkaya ka dawo da kowa lafiya

Da zarar Maris ya kama a Kaduna, kwalta ta fara huci, fanka ta koma juya iska mai ɗumi, yara ba su da wata magana sai ta wurin ruwa. Wuraren shaƙatawa masu lilo da otal da tafkin ninkaya sun yawaita, daga tsakiyar gari har can kan hanyar Jos wajen Kangimi, kuma ban ga laifin uban da ya ɗebi iyalinsa ya kai su ba. Mu da muka koyi iyo a rafi da gefen Kogin Kaduna mun san abin da muka kwaso: da yawanmu sun yi fitsarin jini na tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga katantanwar ruwa. Tafkin da ake zuba wa magani yadda ya kamata ba ya ɗauke da wannan. Amma yana da nasa hatsarin, kuma ni na gan shi da idona.

Bara na kai yarana wani otal. Ƙaramarsu, mai shekara 4, tana zaune a matakalar tafkin manya tana wasa da ƙafa. Waya ta shigo, na juya in amsa, ina zaton gwaggonta na kallonta. Ita kuma gwaggon tana zaton ni ke kallo. Ba mu ji kuka ba, ba mu ji fantsamar ruwa ba. Wani saurayi da ke kusa ne ya ɗago ta tana tari. Duk abin bai kai minti ɗaya ba. Tun daga ranar na sauya yadda nake shirya wannan fita, kuma ga yadda nake yi.

Fara da waya tun kana gida

Kada ka dogara da hoton da ka gani a Facebook ko Instagram. Kira wurin ka tambaya: akwai mai ceto da ke zaune bakin ruwa duk lokacin da aka buɗe? Tafkin yara daban yake da na manya, ko igiya kawai aka ja? Kuɗin shiga ya haɗa da ninkaya, ko sai an sake yankar tikiti a ciki? Wasu otal ɗin ma sai wanda ya kama ɗaki suke bari ya shiga ruwa. Idan uwargida da 'yan mata za su shiga, ka tambaya ko akwai lokacin da ake ware wa mata, da yadda ɗakin sauya kaya yake. Ka tambayi wurin sallah.

Sai zaɓen rana. Ranar Sallah da kashegarinta su ne mafi muni, domin kai ya yi yawa a ruwa, mai ceto ɗaya ba zai iya ƙirga su ba, ruwan kuma ya yi saurin gurɓata. Ranar aiki da safe, ko bayan la'asar da rana ta yi sanyi, ta fi. Tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma ne rana ta fi ƙuna, kuma baƙar fata ma tana ƙonewa. Yaron da ke gudawa ya zauna a gida, ko da zai yi kuka har dare. Akwai ƙwayar cutar gudawa da ke iya rayuwa fiye da mako guda a ruwan da aka zuba wa kulorin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta na tafki, kuma 'ya'yan wasu ne za su haɗiye ta.

Kayan da za ka ɗauka

A nan mutane suka fi yaudarar kansu. Balan-balan ɗin nan da ake hura wa iska a zura wa yaro a damtse, da zoben roba mai kan agwagwa, kayan wasa ne. Suna sacewa, suna zamewa, zoben ma yana kifar da yaro kansa a ƙasa ƙafa a sama. Abin da ke riƙe yaron da bai iya iyo ba shi ne rigar ceto mai soso a ciki, wadda ke da maɗauri a ƙirji da wani da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Ana rubuta nauyin da ta dace da shi a jiki, ka duba. Gwajinta mai sauƙi ne: sa masa, ɗaure, ka ɗaga ta ta kafaɗa. Idan ta haura har kunnuwansa, ta yi masa yawa.

Launin kayan wanka ma abin dubawa ne. Shuɗi da fari da toka suna ɓacewa a cikin ruwa. Ruwan lemo ko ja mai haske ko rawaya ana hango su ko yaro ya nutse ƙasa.

Ga mata kuma, sutura da ninkaya ba sa faɗa, sai dai a zaɓi yadin. Atamfa da doguwar riga da babban hijabi suna shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafa, hijabin ma yana iya rufe fuska. Akwai kayan ninkaya masu rufe jiki duka, riga mai dogon hannu da wando da hula, na yadi mai santsi da ba ya riƙe ruwa. Mai dogon gashi ko kitson da aka ƙara ta tufke shi ta cusa cikin hula. Sauran kayan sanannu ne: tawul, silifa mai kama ƙasa, ruwan sha, da kunzugun wanka na jarirai idan akwai wanda bai daina ba.

Ka ga ruwan kafin yara su tuɓe

Bar su a wurin lilo tare da mahaifiyarsu, ka je bakin tafkin kai kaɗai. Tsaya a ɓangaren da ya fi zurfi ka leƙa. Dole ka iya ganin ƙasa sarai, har da murfin magudanar da ke can ƙarƙashi. Idan ruwan ya yi hazo ko ya yi kore, kun fasa, ko da kun biya. Ruwan da ya ɓoye maka murfi zai ɓoye maka yaro. Murfin nan kuma ka tabbata yana nan bai fashe ba, domin injin da ke jan ruwa ta wurin yana da ƙarfin riƙe gashi ko hannun yaro.

Sannan ka shaƙi iskar wurin. Mutane suna ɗauka warin magani mai ƙarfi alamar tsafta ce, alhali akasin haka ne. Wannan warin da ke sa ido ja yana tasowa ne idan kulorin ya haɗu da gumi da fitsari. Tafki mai kyau warinsa kaɗan ne. Kana da damar tambayar mai kula da wurin yaushe ya auna ruwan. Masu yi da gaske suna da ɗan kwalaben gwaji da littafin da suke rubutawa. Kulorin yakan tsaya tsakanin 1 da 3 a ma'auninsu, ma'aunin tsami kuma tsakanin 7.2 da 7.8. Wanda ya tsaya yana sosa ƙeya ya riga ya ba ka amsa.

Duba lambobin zurfi da aka rubuta a gefe, ka nuna wa manyan yaran inda ƙafarsu za ta daina taɓa ƙasa. Nemi inda aka rataye zoben ceto da doguwar sanda. Ka kuma kalli mai ceton na ɗan lokaci: ruwa yake kallo ko waya?

Wa ke kallon wa

Wannan shi ne matakin da ya fi duk sauran, kuma shi ne wanda na faɗi a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 300,000 ke mutuwa ta hanyar nutsewa a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Abin da iyaye ba su sani ba shi ne, mai nutsewa ba ya ihu. Bakinsa na fitowa yana komawa, ɗan lokacin da ya samu na jan numfashi ne, ba na kira ba. Za ka gan shi a tsaye cikin ruwa, kai a ɗage baya, hannuwa na danna ruwa a gefe, kamar mai wasa. Yaron da ya yi shiru a ruwa shi za ka fara dubawa.

Idan dangi sun taru, kowa yana ganin wani na kallo, ƙarshenta ba wanda ke kallo. Saboda haka a ambaci mutum ɗaya da suna. Mu a gidanmu hula muke amfani da ita: wanda hular ke kansa shi ne mai gadin yara na minti 15, ba waya, ba hira, ba cin gasasshen kifi. In zai tashi, sai ya ɗora wa wani babba hular, ya ce, "Yaya, yanzu a hannunki suke," ita kuma ta amsa. Kada a ɗora wa 'yar shekara 10 wannan nauyi don tana goyon ƙannenta a gida. Ita ma yarinya ce.

Yaron da bai kai shekara 5 ba, ko duk wanda bai iya iyo ba, babba ya shiga ruwan tare da shi, kusa yadda in ya miƙa hannu zai taɓa shi. Ko a tafkin yara da ruwan bai wuce gwiwa ba haka ne, domin ƙaramin yaro in ya faɗi rub da ciki ba lallai ya iya ɗagowa ba. Mai ceto yana da yara hamsin a gabansa, kai kana da uku.

Cikin ruwa

Kowa ya watsa ruwa kafin ya shiga. Ba gudu a bakin tafki, tayil ɗin santsi gare shi. Ba tsunduma da ka a wurin da ba shi da zurfi. Samari da yawa sun karya wuya ta haka. Ka hana gasar riƙe numfashi a ƙarƙashin ruwa, domin tana sumar da wanda ya iya iyo ma. A wurin silalo, a bi dokar tsawon da aka rubuta, mutum ɗaya-ɗaya, ƙafa a gaba, wanda ya sauka ya matsa da sauri. Duk bayan awa ɗaya ka fito da su su sha ruwa su zaga bayi.

Idan damina ta fara shigowa, daga Afrilu zuwa gaba, hadarin Kaduna yakan haɗu cikin ɗan lokaci. Da jin tsawa kowa ya fito ya shiga cikin gini, ba ƙarƙashin bishiya ko lema ba, kuma kada a koma sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba.

In abu ya faru

Yaro ya ɓace maka, ruwa za ka fara dubawa kafin wurin lilo. In ka ga mai nutsewa kuma ba ka iya iyo ba, ka yi ihu, ka miƙa sanda ko ka jefa zobe, kada ka faɗa ku zama biyu. Da an fito da shi, in ba ya numfashi, a kwantar da shi a hura masa iska a baki, a danna ƙirji sau 30, a hura sau 2, a ci gaba, wani kuma ya kira lambar gaggawa ta 112 ko ya tayar da mota. Kada a ɓata lokaci wajen juya shi ƙasa ko matsa ciki wai don ruwa ya fita. Ƙungiyar Red Cross tana koyar da wannan, kuma ya kamata a ce kowane gida da wanda ya iya.

Ko ya farfaɗo yana magana, a kai shi asibiti, Barau Dikko ko wanda ya fi kusa. Wanda ya shaƙi ruwa kaɗan ya yi tari ya ware, a sa masa ido har dare: tari da ya ƙi tsayawa, numfashi da sauri, ko barcin da ba a saba gani ba, duk na likita ne.

Da an tashi tafiya, a sake wanka da sabulu, a karkata kai ruwan kunne ya fita, a goge da tawul ba da tsinken auduga ba. Ka kwashe kayan wasan daga ruwa, domin ƙwallon da aka bari yana yawo shi ke jan ƙaramin yaro ya koma shi kaɗai yayin da manya ke naɗe tawul suna neman makullin mota. Hular tana kan mai ita har sai an rufe ƙofar mota an ƙirga su.