Za ka je baje kolin littattafai na Frankfurt? Ga abin da za ka tarar

Duk shekara cikin watan Oktoba birnin Frankfurt na Jamus yake cika da masu sana'ar littafi, kwana biyar cur, Laraba zuwa Lahadi, kuma in dai maganar ciniki ce tsakanin kamfani da kamfani to babu taron littafi da ya kamo ƙafarsa a duniya. A 2019, kafin korona, masu baje kaya sun haura 7,000 daga ƙasashe sama da 100, masu ziyara wajen 300,000. A 2020 ta intanet aka yi shi, bayan nan ya ɗan ragu, yanzu masu rumfa sama da 4,000 ne, amma wallahi ko a hakan ƙafarka sai ta gaya maka. An farfaɗo da shi ne a 1949 bayan yaƙin duniya na biyu, da masu baje kaya 205 kacal a cikin cocin Paulskirche, kuma ƙungiyar masu wallafa da sayar da littattafai ta Jamus ce ke da shi har yau.

Abin da ya kamata ka fara sani, wanda da yawa ba sa ganewa sai sun sauka, shi ne ba littafi ake zuwa sayarwa ba, haƙƙi ake sayarwa. Haƙƙin fassara littafi zuwa wani harshe, haƙƙin buga shi a wata ƙasa, na mayar da shi fim, na karanta shi a murya. Littattafan da ke jere a kan kanta samfur ne kawai, kamar yadda dillali a Dawanau zai ɗebo maka gero a tafin hannu ku gama cinikin tirela guda ba tare da ka ga buhu ko ɗaya ba. Don haka wanda ya cika akwati biyu da littattafansa yana tunanin zai karɓi yuro ya dawo, kuɗin awon kaya a filin jirgi kawai zai yi asara. Kwafi biyu ko uku na kowane littafin da kake ji da shi sun isa.

Laraba da Alhamis na 'yan sana'a ne zalla, masu wallafa, editoci, wakilan marubuta, masu fassara, masu ɗakin karatu, 'yan jarida. Daga Juma'a ake fara barin jama'ar gari su shiga, Asabar da Lahadi kuma wurin ya zama wani abu daban, cunkoso ba masaka tsinke, layin masu jiran marubuci ya sa musu hannu a littafi sai ya zagaye zaure, ga matasa sun yi shigar 'yan katun na Japan da gashi shuɗi da takubban roba. Manyan editoci a lokacin yawancinsu sun riga sun kama hanyar gida. In kasuwanci ya kawo ka, kwana biyun farko da safiyar Juma'a su ne naka, in kallo da sayen littafi ne to ƙarshen mako.

Yanzu maganar alƙawari, wadda ita ce gaba ɗayan wasan. A Frankfurt komai rabin awa ne. Edita yana zaune a teburinsa daga ƙarfe tara na safe har yamma, duk minti talatin mutum ya tashi wani ya zauna, kuma wannan jadawalin tun cikin watan Yuni da Yuli aka fara cika shi, kafin Satumba ta ƙare na manyan kamfanoni ya cika maƙil. Ka zo rumfar babban kamfani ba alƙawari, wata baiwar Allah ce a bakin kanta za ta yi maka murmushi ta karɓi katinka, shi ke nan an gama da kai. Akwai ma wani sashe da ake kira LitAg, tebura ɗaruruwa a jere na wakilan marubuta, ba ka wuce bakin ƙofa sai ka faɗi wanda yake jiranka. Saboda haka aikin gaske a gida ake yin sa: ka shiga shafin baje kolin, jerin masu rumfa yana nan da ƙasarsu da lambar rumfarsu, ka tsamo kamfanoni ashirin ko talatin da ka ga sun taɓa buga littafin Afirka ko irin naka, ka tura musu imel gajere, wane ne kai, me kake da shi, wace rana kake da sarari. Da yawa ba za su amsa ba, kar ka ji haushi. In ka samu takwas ko goma ka gode Allah. Kuma shawarata ka fi mayar da hankali kan ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, su ne mai kamfanin da kansa yake zaune a rumfa, su ne kuma suke iya yin kasada a kan marubucin da ba wanda ya san shi. Littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, da ya fito da Turanci a 2012 a fassarar Aliyu Kamal, ai wani ƙaramin kamfani ne na Indiya mai suna Blaft ya buga shi, ba wani ƙaton kamfanin Landan ba.

To ka samu alƙawarin, ya zaman yake? Ka ce an ba ka ƙarfe sha ɗaya da rabi a rumfa mai lamba irin 6.1 B40, wato zaure na shida, hawa na ɗaya, layin B, rumfa ta arba'in. Ka iso da minti biyar a hannu, don in ka makara minti goma daga cikin rabin awarka aka cire, ba wanda zai ƙara maka. Gaisuwa minti ɗaya ce, ba ina gajiya ina iyali, a yi musayar kati, sai ka fara tambayar editar me take nema bana kafin ka buɗe jakarka, domin in ta ce littafin yara take so ka ga ba sai ka ɓata lokaci kan labarin soyayya mai shafi 400 ba. Sai ka miƙa mata takarda shafi ɗaya tak a kan kowane littafi: hoton bango, sunan marubuci da ɗan tarihinsa layi uku, shekarar bugu, yawan shafi, kwafi nawa aka sayar (faɗi gaskiya, mutanen nan suna bincike), kyautar da ya ci in akwai, taƙaitaccen labarin da Turanci har da yadda ya ƙare, da harsunan da aka riga aka sayar wa haƙƙi. Tambayar da za ta biyo baya kusan kullum ɗaya ce, akwai samfurin fassara? Don ita ba ta jin Hausa, kuma da wuya a ce tana da mai karanta mata. In ba ka da shafi ashirin ko talatin da aka fassara da Turanci mai kyau, ko Faransanci ga 'yan uwanmu na Nijar, to magana ta mutu a nan. Kuma don Allah kar ka ba na'ura ta fassara ka kawo haka ba gyara, a layi na uku ake ganewa. Ba kasafai ake sa hannu a kwantiragi a teburin ba, abin da za ka ji shi ne turo min in karanta, ka rubuta hakan a littafinka a gabanta, lokaci ya cika ka tashi.

Wani abu da ya shafe mu musamman: ka tabbata haƙƙin da kake tallatawa naka ne. A kasuwar littattafan Hausa ta Kano yawanci marubuci ne yake buga abinsa da kuɗinsa, ko kuma an yi yarjejeniyar baka da mai shago shekaru da suka wuce, ba takarda ba shaida. Bature ba zai biya sisi ba sai ya ga a rubuce wa ke da ikon sayar da fassara. Ka zauna da marubucin ko magadansa tun a gida ku rubuta, a sa hannu, kuma littafin ya zama yana da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, wadda a Najeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa. In magana ta kai ga kwantiragi, abubuwan da za ka zuba wa ido su ne wane harshe, waɗanne ƙasashe, shekara nawa, nawa ne kuɗin kafin alƙalami, kashi nawa ne kason kowane kwafi, sannan yaushe haƙƙin zai dawo hannunka in sun daina bugawa. Kar zumuɗi ya sa ka ba mutum ɗaya duk harsunan duniya har abada a kan 'yan kuɗin da ba su biya maka otal ba. Ka kuma san cewa akwai masu tallafa wa fassara, irin su ƙungiyar Litprom ta Frankfurt, da ta yi shekaru tana taimakawa a fassara adabin Afirka da Asiya da Latin Amurka zuwa Jamusanci, ambaton wannan a teburi yana sa edita ya gyara zama.

Ni a ganina ma mai wallafa daga wajenmu zai fi cin riba in ya je da niyyar saye. Littattafan yara masu zane, na kimiyya, na koyon sana'a, an riga an kashe kuɗi an zana su, kai haƙƙin Hausa kawai za ka nema, kuma tunda ba wanda ya taɓa tambayarsu haƙƙin Hausa akwai damar ciniki sosai, ka dai yi musu bayanin farashin littafi a kasuwarmu da yawan kwafin da za ka iya bugawa. Ga kuma masu injin buga littafi daga Chaina da Indiya da Turkiyya da rumfunansu, ka taɓa takarda da hannunka, ka ga ɗinki, ka karɓi farashi ka gwada da na gida.

Rumfa fa? Tsada gare ta, a zuwan farko ba na ba da shawara. Sayi tikitin ɗan sana'a ka zaga da ƙafa, ko ku haɗa kuɗi ku kama rumfa ɗaya ta haɗin gwiwa. Akwai kuma shirin gayyata da baje kolin ke yi da tallafin ma'aikatar harkokin wajen Jamus don ƙananan masu wallafa daga Afirka, Asiya, ƙasashen Larabawa da Latin Amurka, suna ɗaukar nauyin tafiya da masauki da rumfa, har da bita kafin a buɗe. Tun farkon shekara ake nema, gurabe kaɗan ne, amma gwadawa ba ta cin kuɗi.

Biza ita ce ciwon kai. Ta Shengen ce, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama, kuɗinta yuro 90, sai inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin magani har yuro 30,000, da shaidar masauki, da takardun banki da na kamfani, kuma imel ɗin alƙawuran nan da ka tara suna ƙara wa takardunka nauyi. Samun ranar ganawa yana iya cin watanni, ka fara da wuri. Lufthansa na tashi kai tsaye daga Abuja da Legas. Otal a cikin gari makon nan farashinsa ninkuwa yake yi ba kunya, shi ya sa mutane ke kwana a Mainz, Wiesbaden, Darmstadt ko Offenbach su shigo a jirgin ƙasa da safe. Daga babbar tashar jirgin ƙasa zuwa filin baje kolin tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa, ko ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba U4 tasha ɗaya.

Ƙananan abubuwa masu ɓata wa mutum rana: takalmi mai taushi, don daga wannan zaure zuwa wancan sai ka ci minti goma sha biyar, kar ka jera alƙawari biyu a zaure daban-daban ba tazara. Rigar sanyi da lema, Oktoba ce. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, ɗan Najeriya sai da adafta, ɗan Nijar cajarsa za ta shiga haka. Abinci a ciki tsada ga layi, sa dabino da ruwa a jaka, in za ka sayi ruwa ka ce mara gas in ba haka ba mai kumfa za a miƙo maka. A titin Münchener Straße kusa da babbar tasha akwai masallatai da gidajen abincin Turkawa na halal, nan za ka samu Juma'a, sai dai wasu layukan unguwar da dare ba wurin tsayawa ba ne, 'yan ƙwaya sun yi yawa. Ranar Lahadi shaguna a rufe suke in ban da na tasha da filin jirgi, tsaraba sai ka saya tun Asabar.

Kai kuma mai karatu da ka zo kallo, kar ka wuce rumfar ƙasar da aka karrama, kowace shekara akwai babbar baƙuwa, Italiya a 2024, Filifin a 2025, zaure guda ake ba su su baje adabinsu da al'adunsu. Hira da marubuta a dandamali iri-iri duk cikin kuɗin tikitinka ne, kodayake da yawa da Jamusanci ake yi, duba jadawali ka ware na Turanci. Kar ka taya sabon littafin Jamusanci, doka ce ta ƙayyade farashinsa, ko'ina ɗaya ne. Amma ranar Lahadi da rana ka leƙa rumfunan baƙi, da yawa ba sa son komawa da kaya, sai su karya farashi ko su ba ka kyauta. A ranar ce kuma ake miƙa kyautar zaman lafiya ta masu sana'ar littafi a Paulskirche, wadda Chinua Achebe ya karɓa a 2002, Tsitsi Dangarembga ta Zimbabuwe a 2021.

In kuma burinka ka sayo littattafai da yawa ka kawo shago, musamman na Larabci da na addini, to Frankfurt ba wurinka ba ne, baje kolin Alƙahira za ka nufa a ƙarshen Janairu ko na Sharja a Nuwamba, can ne ake sayarwa katan-katan. Na yara zalla Bologna ce a Italiya, na gida kuma akwai wanda ake yi a Legas cikin watan Mayu, wuri mai kyau na koyon zaman teburi kafin ka kashe kuɗin jirgi.

Da ka dawo, kar katunan nan su kwana a aljihun kwat. A bayan kowanne tun a can ka rubuta abin da kuka yi magana a kai, cikin mako ɗaya ko biyu ka tura wa kowa abin da ya nema, samfurin fassara, farashi, ko littafin gaba ɗaya. Editan nan ya ga mutum hamsin ko fi a makon, dole ka tuna masa rana da littafin da kuka tattauna. In shiru ya yi yawa ka sake taɓa shi bayan wata guda, sannan kuma a farkon sabuwar shekara, lokacin da suke shirin baje kolin Landan na watan Maris.