Yadda Za Ka Gane Ko Warin Jikinka Na Rashin Lafiya Ne

Gumi shi kansa ba ya wari. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a fata ne ke narkar da gumin hammata da matsematsi, daga nan wari ke tashi. Wanka da sauya kaya sun ishi yawancin mutane. Amma akwai mai wanka safe da yamma da ake yi wa kallon ƙazami, alhali cuta ce ke damunsa, kuma turare ba ya maganinta.

Fara da gwajin mako biyu. Aske gashin hammata, ka sa tufafin auduga, ka shafa maganin hana gumi mai sinadarin aluminiyam da dare, bayan fata ta bushe. Ka rage tafarnuwa da albasa da hulba, domin warinsu na fita ta gumi.

In warin bai tafi ba, nemi wanda ka amince da shi ya faɗa maka gaskiyar irin warin, don hanci na sabawa da warin mai shi. Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci.

Zarni irin na fitsari a numfashi, tare da kumburin ƙafa da kasala, na iya nuna ƙoda ta fara gazawa. Numfashi mai ƙamshin 'ya'yan itace da suka nuna sosai, ga ƙishirwa da yawan fitsari da amai, alama ce ciwon suga ya yi tsanani. Wannan asibiti ake zuwa nan take, ba a kwana da shi. Wari tare da idanu rawaya yana sa a duba hanta. Ƙarnin kifi daga gaban mace yawanci rikicewar bakteriyar wurin ce, magani na warkar da ita, wanke cikin gaban da sabulu kuwa ƙara ta yake yi. Akwai kuma cutar gado da ba kasafai ake samu ba, trimethylaminuria, wadda ƙarnin ke fita ta gumi da fitsari da numfashi, ya ƙaru bayan cin ƙwai, hanta, wake ko kifin teku.

Gumin dare da tari da rama kuwa, a yi gwajin tarin fuka.

Daga nan sai asibiti. Likita kan duba suga da aikin ƙoda da hanta da thyroid (ƙwayar wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo) ta gwajin jini da fitsari. Ka tafi da duk magungunan da kake sha, har na gargajiya, kuma kada ka fesa turare ranar, domin likita na bukatar jin ainihin warin.