Yadda Nake Auna JNK da p38 a Naman Sankarar Ciki da Hanji

Shekara biyu ke nan ina bincike kan sankarar ciki da ta babban hanji a nan Samaru, kuma duk ɗalibin da ya shigo ɗakin gwaji tambayarsa ɗaya ce: "Yaya, ta ina zan fara?"

Fara da sanin abin da kake nema. JNK da p38 furotin ne da ke farkawa idan ƙwayar halitta ta shiga matsi, kamar kumburi, ƙarancin iskar oksijin, ko ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda tun 1994 aka sa ta cikin masu haddasa sankara. Farkawar ita ce a liƙa musu fosfet. Wasu furotin ne ke liƙa shi: MKK4 da MKK7 ke kunna JNK, MKK3 da MKK6 kuma p38. Saboda haka mai ɗauke da fosfet za ka auna, ka kwatanta shi da jimillar furotin ɗin.

Inda aiki ke lalacewa shi ne lokacin karɓar nama. Yanke shi daga jiki ma matsi ne. Na taɓa ajiye samfur kusan minti arba'in a kan tebur ina neman ƙanƙara, sai p38 mai fosfet ya fito ɓaro-ɓaro a naman sankara da lafiyayyen gefensa duka. Aikin wata guda ya tafi a banza, abin da ya fi ƙona min rai kuwa, naman wani dattijo ne da ya amince aka ɗauka. Yanzu da kula cike da ƙanƙara nake jira a bakin tiyata, in rubuta lokacin da aka yanka, in daskarar da shi nan take. A zafin Afrilu, ka tabbatar da akwai mai a janareta kafin ka amince da firiza.

Wajen niƙa naman, zuba sodiyam otobanadet da sodiyam fuloraid don kada fosfet ya zube. A gwajin Westan (Western blot), wanda ke nuna furotin layi-layi a kan wata siririyar fata, sai an toshe fatar don kada sinadarin gano furotin ya manne ko'ina. Furotin jinin shanu da ake kira BSA nake sawa, ba madara ba. Madara tana da furotin casein mai fosfet, tana iya ɓata maka hoto. JNK zai fito layi biyu, wajen 46 da 54 kDa (ma'aunin nauyin furotin).

Kada ka yi gaggawar cewa yawan p38 ne ya kawo sankara. A gwajin ɓeraye, p38α, wani nau'in p38, yana kare hanji tun farko, amma idan ƙari ya kafu, shi ke taimaka masa ya rayu. Don haka kusa da kowane sakamako nake rubuta matakin da cutar ta kai, da ko an fara ba majinyacin magani.