Yadda nake mayar da kiɗan MIDI rubutaccen kiɗa a takarda

Wani malami mai kula da 'yan badujalar makaranta ne ya fara jefa ni cikin wannan aiki. Ya ji wani kiɗa da na haɗa a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, ya ce in rubuta wa yaransa su busa. Na ce ai abu mai sauƙi. Na fitar da fayil ɗin MIDI, na zuba a MuseScore, manhajar rubuta kiɗa a takarda, sai ga takarda baƙi ƙirin kamar an watsa mata tururuwa. Ni kaina da na kaɗa abin ban iya karanta shi ba.

Laifin ba na manhajar ba ne. MIDI, tun fitowarsa a 1983, ba sauti yake ɗauka ba. Abin da yake adanawa shi ne wane madanni ka taɓa, yaushe, da wane ƙarfi, yaushe ka ɗaga yatsa. In yatsanka ya makara da ƙiftawar ido, haka za a rubuta maka, da 'yan gutsattsarin hutu da igiyoyin ɗaure nota barkatai. Saboda haka gyaran gaske tun a situdiyo ake yin sa, kafin fayil ya fita.

Ka fara ajiye kwafi dabam, don abin da za ka yi zai kashe wa kiɗan armashi. A kan kwafin za ka yi kwantayiz mai tsauri, kowace nota ta koma kan bugunta. Duba mafi ƙanƙantar nota da ka kaɗa da gangan, ka saita a kanta, kada ka wuce. Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne daidaita farkon nota kawai. Wutsiyar ma sai an daidaita ta, ko dai ta kai bakin ta gaba, ko ta tsaya daidai inda hutu zai fara. In biyu suka hau kan juna, manhaja za ta ɗauka murya biyu ce. In kuwa tun farko ba da mitironom, mai ƙirga maka bugu, ka kaɗa ba, gaskiya sake kaɗawa ya fi sauri.

Ka kula da awon kiɗan. Akwai kiɗanmu na gargajiya da yawa da uku-uku yake tafiya, mu kuma mun saba barin firojet a 4/4. Sakamakon shi ne ƙaramar lamba 3 a saman kowane gungu har ƙarshen shafi. Mayar da shi 6/8 ko 12/8, takarda ta washe.

Kowane abin busa ka ba shi layinsa, nota ɗaya a lokaci ɗaya, tunda mai busa baki ɗaya gare shi. Ganguna su zauna a tasha ta 10 ta MIDI, wadda aka ware musu. Lanƙwasar murya irin ta kalangu ba za ta fito ba, bugun kawai nake rubutawa, sauran kuwa makaɗi ya ji da kunnensa. Wajen fitarwa, in an ba ka zaɓi, ɗauki Type 1, shi ne ke barin kowane layi dabam. Type 0 cusa su yake yi wuri guda. A FL Studio sai ka bi ta "Prepare for MIDI export", wanda ke musanya duk kayan kiɗanka, dalili ke nan na kwafin nan. Masu manhajar Cubase ko Logic suna iya fitar da MusicXML, wato fayil ɗin rubutaccen kiɗa, kai tsaye.

MuseScore kyauta ne, shi ya sa nake kansa. Sibelius da Dorico cikakkunsu na kuɗi ne, Finale kuwa an daina sayar da shi tun 2024. Har yau ina riƙe da MuseScore 3.6 saboda allon da yake buɗewa a ƙasa in ka zuba MIDI, inda za ka zaɓi ƙanƙantar nota da yawan muryoyi, ka raba hannun dama da hagu. Da na 4 ya fito a Disambar 2022 babu wannan allon. Ina shigarwa a tsohon, in ƙarasa a sabon.

Daga nan sai sa kii na kiɗan, wato alamun sharp ko flat na farkon layi. A wurin MIDI, F sharp da G flat duk lamba ɗaya ce, don haka ka bi layi-layi ka gyara sunayen.

Sai abin da ya kunyata ni a gaban yara: taramfet na B flat ana rubuta masa sama da abin da kunne ke ji da cikakken taki ɗaya. Ni na kwafe layin fiyano na miƙa haka nan. Suna busawa malamin ya dube ni. Yanzu kowane layi nakan canza masa kayan kiɗa a cikin manhajar, in kashe Concert Pitch, zaɓin da ke nuna nota yadda kunne ke ji, ita ta yi juyin. Kafin in buga sauran, nakan ba ɗalibi ɗaya shafinsa ya busa ina saurare, in sa masa alama da fensir duk inda numfashinsa ya ƙare.