Yadda ƙaramin ɗan kwangila zai shiga aikin kayan lantarkin motocin soja bai ƙona jarinsa ba

Duk wanda ke zaune wajen Kurna ko Fagge ya san ƙarar ƙananan jiragen nan da ke shawagi a saman gari. L-39 ne na makarantar koyon tuƙin jirgin yaƙi ta 403 da ke nan Kano, ƙirar kamfanin Aero Vodochody na ƙasar Czech. Yaran shagona kan ɗaga kai su ce, "Oga, ina ma a ba mu wayarin ɗin wannan." Ba za a ba ku ba, gara ku sani tun yanzu. Da aka tashi sabunta wasu daga cikinsu, aka sa musu allo a madadin tsofaffin agogunan gaban matuƙi, kamfanin da ya ƙera su aka kira. Super Tucano 12 da suka iso a 2021 kuwa ciniki ne tsakanin gwamnatin Najeriya da ta Amurka, na kusan dala miliyan 500. Ko ƙaramin makunni ba a ɗaura wa jirgi sai da takardar da ke nuna asalinsa tun daga masana'anta. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ma, a sashe na 15, ta ware kayan tsaro na musamman daga tsarin tanda da kowa ya sani.

Rabonmu yana ƙasa, kuma ba kaɗan ba ne: batura, caja, fitilu, na'urar sauya ƙarfin wuta, ɗaura rediyo da eriya a motocin sintiri, kyamarori, sola a ofis da wurin gyaran mota. A nan ne na ga mutane da yawa sun shiga da ƙafar dama sun fita da bashi.

Na farko: takardun kamfani

Ba zan ɓata lokaci a kan rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba, wanda bai yi ta ba bai fara ba. Shawarata kawai, ka yi kamfani sosai, ba rajistar sunan kasuwanci ba, kuma ka tabbata kayan lantarki da na sadarwa suna cikin ayyukan da aka rubuta wa kamfanin. Bayanta sai takardar biyan haraji ta shekara 3, da rahoton akanta na shekarun nan, da ta hukumar fansho PenCom, da ta asusun horar da ma'aikata ITF, da ta asusun inshorar ma'aikata NSITF, da shaidar rajista da BPP, hukumar kula da sayen kayan gwamnati, da takardar rantsuwa daga kotu. Abin da sababbi ke mantawa shi ne yawancin waɗannan ranar 31 ga Disamba suke mutuwa. Sai talla ta fito a Fabrairu ka ga mutum yana zarya tsakanin ofisoshi da takardun bara a hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni a Janairu nake sabunta nawa, ko da aiki ko babu, kuma kuɗinsu na ɗauke shi kamar kuɗin hayar shago.

Aron takardun wani kamfani fa? Ana yi, na sani. Amma kuɗin aiki asusun mai kamfani yake faɗawa, daga nan kuma sai yadda ya ga dama da kai.

Na biyu: inda aikin yake

Ka riƙa duba Federal Tenders Journal, mujallar tallan kwangilolin gwamnatin tarayya, da manyan jaridu. Yawancin manyan ayyuka daga hedikwata a Abuja suke fitowa. Wanda ya tare ka a bakin barikin Bukavu ko na Janguza ya ce yana da hanya, ka kawo kuɗin fom, ka yi masa sallama ka wuce. Ga sabon shiga, hanyar da ta fi ita ce ka zama ɗan ƙaramin hannu a ƙarƙashin babban kamfanin da ya riga ya ci aikin. Riba kaɗan ce, amma za ka samu takardar kammala aiki, ita ce za a nema a wurinka gobe. Ka kuma sa ido a kan Kaduna: DICON, hukumar ƙera kayan tsaro ta ƙasa, tana can tun 1964, an yi mata sabuwar doka a 2023 wadda ta buɗe ƙofar haɗin gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu.

Na uku: karanta bayanin kaya da biro a hannu

Mu 'yan kasuwar Sabon Gari mun saba da "ai duk ɗaya ne." A nan ba ɗaya ba ne. Hilux da Land Cruiser wutar bolt 12 suke amfani da ita, manyan motoci da masu sulke kuwa 24. Wani ƙanena a sana'a ya kai caja kwali-kwali, masu kyau, a gabansa aka jona ta farko a babbar mota, ta yi ɗan ƙara, wari ya tashi. Bai duba layi ɗaya ba a shafi na biyu.

In ka ga an rubuta MIL-STD-810, ana nufin kayan da aka gwada da zafi da ƙura da jijjiga. MIL-STD-461 na nufin na'urarka ba za ta dame rediyon motar da hayaniya ba, ita ma ba za a dame ta ba. Wannan ba ado ba ne: fitilar LED mai araha kana kunna ta sai ka ji rediyo yana shuuu, a daji kuma wannan rai ne. IP67 shi ne ƙura ba ta shiga, kuma ta jure faɗawa ruwa na ɗan lokaci. Mai sayarwa zai buga maka waɗannan lambobin a jikin kwali ba tare da ko kunya ba. Ka ce ya turo rahoton gwajin, mai ɗauke da sunan ɗakin gwaji da lambar samfurin. In ya fara kame-kame, ka nemi wani.

Na huɗu: takardar mai amfani na ƙarshe, kafin ka biya ko sisi

A nan ni na faɗi, don haka ku yi haƙuri in daɗe.

Akwai kayan da ba a shigo da su ƙasar nan sai da takardar mai amfani na ƙarshe, da ake kira EUC, wadda ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro yake bayarwa. Rediyon oba-oba da sauran kayan sadarwar tsaro, na'urar gani cikin dare, jirgi marar matuƙi, motar sulke, duk suna ciki. Kuma ana samun ta ne kafin kaya su taso, ba bayan sun iso ba.

Ni na ɗauka tunda aikin na sojoji ne, wasiƙar ba ni aiki ta isa ta buɗe kowace ƙofa. Ga wa'adin da aka ba ni gajere, ga mai sayarwa a waje yana cewa farashi zai tashi. Sai na riga malam masallaci, na tura kuɗi, aka ɗoro rediyoyi da eriyoyinsu. Ina shago bayan la'asar ina shan shayi ɗan kiliyarin ɗina, mai fito min da kaya daga kwastan, ya kira, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Alhaji, ina EUC?" Na ce mene ne kuma EUC. Ya yi shiru, irin shirun nan da ka san an gama da kai. Kaya suka zauna, kuɗin ajiya yana hawa kullum kamar mitar tasi, wa'adin aiki ya wuce, wanda na ranci kuɗi a wurinsa yana aiko min da gaisuwa safe da yamma. Da na fito da kwalayen daga ƙarshe, ribar ta tafi, ta ja wani ɓangare na uwar kuɗi.

Yanzu ga yadda nake yi, ba na canzawa. Wasiƙar aiki ta fara zuwa hannu. In karɓi takardar farashi daga mai sayarwa, mai ɗauke da sunan kowane abu da samfurinsa da adadinsa. In nemi wasiƙa daga waɗanda suka ba ni aikin cewa su ne za su yi amfani da kayan. Da waɗannan nake cike neman EUC ta intanet. Sai ta fito sannan in buɗe Form M, takardar shigo da kaya, a banki, sannan kuɗi ya tafi. Kuma adadi ya zama ɗaya a ko'ina: in takarda ta ce 40, kada ka ce bari in ƙara 5 in sayar a shago. Biyar ɗin nan sun isa su riƙe arba'in ɗin, su kuma jawo maka tambayoyin da ba ka da amsarsu.

Abu biyu kuma a kan rediyo. Ka duba ko samfurin yana da amincewar NCC, hukumar sadarwa ta ƙasa. Sannan in kayan na Amurka ne kuma an ƙera su don soja, can ma akwai dokarsu ta ITAR, sai gwamnatinsu ta ba da izinin fitarwa, wannan kuwa yana cin watanni. Dillalin da ya ce zai biyo maka da su ta wata ƙasa a jakar hannu, gidan yari yake nuna maka. In wa'adi ba zai isa ba, ka rubuta neman ƙarin lokaci tun da wuri, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka.

Na biyar: farashi da kuɗin fara aiki

Ka sa harajin VAT na kashi 7.5 a lissafi, da harajin da ake cirewa tun daga tushe, da kuɗin fito, da jigila daga Legas. Ka bar sarari saboda dala, domin farashin da ka rubuta yau da naira shi za a biya ka ko bayan wata nawa. Doka ta yarda a ba da kuɗin fara aiki har kashi 30, amma sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora, ita ma da kuɗinta, kuma ba kowane aiki ake bayarwa ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na shida: ɗaurawa da miƙawa

Wannan kun san shi. Fis kusa da batir, waya mai kaurin da ya dace a cikin bututu, a matse kawuna da abin matsewa, ba murɗawa da salatif ba. Kada ka huda jikin motar sulke da kanka, ka bi ramukan da aka tanada. Wayarka ta zauna a aljihu, hoton aikin bariki ba na Facebook ba ne, ka faɗa wa yaranka tun daga gida. Ranar dubawa ka zo da jerin lambobin kowace na'ura, don ɗaya bayan ɗaya za a karanta su a gabanka. Kada ka bar wurin sai an sa hannu a takardar karɓar kaya a sito da ta kammala aiki. Ka yi kwafi uku, ɗaya ofis, ɗaya gida, ɗaya a mota, domin bibiyar biya za ta kai ka Abuja ba sau ɗaya ba.